Rasuwar Baƙin Kundi na Ofishin Barista Lukman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Barista Lukman na Gummi nake sanar da rasuwar Baƙin Kundi, babban littafin da ya riƙe shari'un ofishina shekara goma sha huɗu. An tarar da gawarsa ranar Litinin cikin kabad, bayan hutun kotu. Gara ce ta bi bango ta cinye shi ta ciki, ta bar mana bangonsa lafiya lau.

Marigayin bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. Ya san ranar kowace shari'a daga Anka har Bukkuyum, ya san wane mai shaida ne ba a samunsa sai ranar kasuwa. In an buɗe shi ya ce fal-fal, in an rufe ya ce dim, a tashi aiki.

Abokin aikina Barista Mukhtar ya yi shekara uku yana roƙona mu zuba komai a kwamfuta, ko mu buɗe wa kowace shari'a fayil nata. Na ce kundina ya ishe ni. Har takardun mutane na asali tsakanin shafukansa nake cusawa, wai nan ne ba za su ɓata ba.

Ya rasu ya bar shari'u sittin da uku marayu, da biro ɗaure da zare, da ni. Ya kuma bar Inna Saratu ta Gwashi, wadda mijinta ya rasu, ana neman ƙwace mata gona. Takardar sayen gonar guda ɗaya ce a duniya, da hannunta ta ciro ta daga ƙullin zane ta ba ni, na sa a shafi na casa'in. Jibi Alhamis za a zauna, kuma alƙali ya ce ba zai sake ɗagawa ba. Wallahi tsoro nake ji, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Za a binne marigayin bayan ofis, amma ba yau ba. Sai mun tankaɗe garinsa tsaf, ko Allah zai sa mu tsinci guntun da ke ɗauke da hatimin mai gari. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo hannu sake, kowa ya taho da rariya. Wanda ya haɗu da Inna Saratu a hanya, don Allah kada ya yi mata gaisuwa tukuna, ba ta sani ba.