Ranar da Na Tsayar da Fito a Gulbin Rima

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na wata safiyar Talata ba. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a littafina (ni irin mutanen nan ce da ko shayi aka ba su sai sun duba agogo). A wannan mintin ne jirgin da ya ƙetarar da mu gulbin Rima ya taɓa gaɓa, kowa ya sauka, ni kuwa na gyara zama.

Bari in koma baya kaɗan. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kundin kammala karatuna kuma a kan haɗin gwiwar ƙasashe maƙwabta ne wajen sufurin jiragen ruwa: yadda Najeriya da Benin da Togo za su daidaita tashoshinsu, da yadda kayan Nijar, wadda ba ta da teku, za su iso ba tare da ɓarnar mai da lokaci ba. Wata bakwai na yi ina karatu. Na san Kwatano da Lome a takarda kamar tsakar gidanmu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jiragen da ke sauke kaya su koma fanko suna ƙona mai a banza. Babi guda na ba su, na kuma kira abin asara sau goma sha huɗu (na ƙirga).

Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Ke 'yar ina ce?"

Na ce Goronyo.

"Kin taɓa shiga jirgi?"

Na sunkuyar da kai. Ga dam a bayan garinmu, amma ban taɓa ba.

Ya ce, "Duk abin da ke nan wasu ne suka faɗa. Je ki samo mini babi ɗaya daga bakin masu neman abinci a kan ruwa. In babu shi ba zan sa hannu ba."

Rashin sa hannun nan yana nufin ƙarin shekara guda, alhali Baba ya gama shaida wa duk wanda ke sallah a masallacinmu cewa bana zan gama.

Sai na tafi gida da takardun tambayoyi arba'in. Kawu Sani ya ɗauke ni a babur zuwa wani mashigi wajen Kagara, inda ake fito, wato ƙetarar da mutane da kayansu a kwale-kwale. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, gulbi cike yake. A hanya ya gaya mini cewa masu jiragen wannan gaɓa 'yan gari ne, na tsallake kuwa iyayensu daga wajen Maraɗi suka biyo ruwa suka zauna. Zuciyata ta yi fari. Ga maƙwabta biyu, ga ruwa ɗaya, kamar don ni aka shirya.

Kafin mu gama gaisawa da Baba Nomau, dattijon da ke riƙe da mashigin, na riga na rubuta cewa jirage uku sun dawo daga tsallake babu kowa a ciki sai mai tuƙi. Na zaro takarda zan fara karanto tambaya ta ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, ƙetara ki gani tukuna. In kin komo mu yi magana." Ya kira wani mai jirgi. "Mamman, ga baƙuwata nan, a kula da ita."

Ban ga komai a ƙetarawar ba sai yatsun ƙafata, don tsoro. Amma da muka isa, sai wata dabara ta zo mini. Tunda komawa zan yi, me zai sa in sauka? Yau dai jirgi ɗaya ba zai koma fanko ba. Har na fara tsara yadda zan rubuta shi a babin.

Mamman ya ce, "Malama, mun iso."

Na ce, "Na sani. Komawa zan yi."

Ya sosa ƙeya, ya dubi takardun da ke cinyata, ya ce, "To." Ya kafa gorarsa a laka ya jingina da ita. Kunyata ta haɗu da tasa.

Kusa da mu akwai jirgin mutanen tsallake, ya cika taf: buhunan gero, akuya, mata da ƙwarya, da wani mutum rungume da dashen albasa a jiƙaƙƙen buhu. Ba su tashi ba. Na ɗauka wani suke jira, na buɗe littafi na ci gaba da rubutu. Rana ta yi zafi. Mai dashe yana ta ɗebo ruwa da tafin hannu yana yayyafa wa kayansa. Na ji wata tana raɗa, "Daga gwamnati ta hito, jirage taka ƙirga." Ban musa ba. Gaskiya ma daɗi na ji, har na ƙara miƙe wuya.

Minti talatin da bakwai muka yi a haka.

Daga nan wata tsohuwa mai sayar da nono ta sauko daga jirginsu, ta tattare zane ta ratso ruwa har inda nake.

"Ke ɗiyar wa ta?"

Na faɗi sunan mahaifina.

"To ɗiyar mutanen kirki, mi kika jira nan? Ko amarya ce ke, sai an sayi bakinki kana ki sauka?"

Na ce, "Inna, komawa zan yi."

"Mu ma ai ba kwana munka zo yi ba. Jirgin ga ba shi ɗaukar kowa daga wagga gaɓa. Namu kuwa ba shi tashi sai wanga ya tashi. Tun ɗazu ke ɗai muka jira. Dashen bawan Allah ya kusa zama miya."

A nan ya kamata in ba da haƙuri in sauka. Amma ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ranar sai bakina ya buɗe. Na miƙe tsaye na fara bayani da muryar da na tanada don ranar kare kundi: cewa komawar jirgi fanko asara ce, cewa manyan ƙasashe ma suna neman hanyar daina ta. Mai dashe ya ce, "Malama, in kin tashi rubuta asara, ki hwara da tawa."

Dariya ta ɓarke har gaɓa. Na ruɗe, na taka bakin jirgi zan fita da sauri, ya karkata, sai ga ni zaune cikin ruwa da laka. Takardun tambayoyina arba'in suka bazu suna yawo. Mamman ya bi su da gora yana tsamowa ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo mini da hannu biyu, abin da ya fi dariyar ciwo.

Aka matsa mini wuri a jirgin mutanen tsallake, tsakanin akuya da dashen albasa. A tsakiyar gulbi, inda ruwa ke da ƙarfi, na ɗaga kai karo na farko. Jirgin Mamman yana gefenmu, fanko, bai wuce mu ba, bai kuma bari mun yi masa nisa ba.

Da muka sauka, Kawu Sani ya duƙufa a kan wayarsa kamar bai san ni ba. Na je gaban Baba Nomau na durƙusa, hijabina na ɗiga. Babu takardar da za ta karantu, don haka na yi tambayar da bakina: "Baba, me ya sa jirgi ke komawa fanko?"

Daga abin da ya faɗa na rubuta babin, malamina kuma ya sa hannu. Na koyi cewa kafin in kira abu asara sau goma sha huɗu, ya kamata in tambayi masu shi ko sau ɗaya.

Ga amsar Baba Nomau. Ya ce, "Iyayenmu da nasu sun sha hwaɗa kan masu ƙetarawa har sunka gaji. Sai sunka raba, kowa shi ɗauki na gaɓarshi, kowa shi ci abinci. Wanga ɗaya ke nan. Na biyu, jirgi mai kaya in ya kihe tsakiyar ruwa, wa ka tsamo mutane? Wanda shi ma ya cika? Shi ya sa namu ka raka nasu, nasu ka raka namu. Wurin da kika gani babu kowa, na wanda ya hwaɗa ruwa na."

Na ce, "A ina aka rubuta wannan yarjejeniyar?"

Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ba mu rubuta ba, ɗiyata. Nan takarda jiƙewa takai."