Teburin Tsoho da Akwatin da Ya Ƙi Shiga

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda kika bar ta jiya. Ke ce dai na ga kin ci ado tun da farar safiya. Ɗan wa za a je a yaudara?"

"Kwamfuta zan je in haɗo. Ai na gaya maka."

"To ɗauko mini sandata. Ba na barin amaryata ta shiga kasuwa ita kaɗai."

Jikar tasa ta tsaya a bakin ƙofa. Ba don sallama ba, da ta bi ta ƙofar baya ta sulale. Kakan nata shekara hamsin ya yi yana kafinta kafin hannu ya fara yi masa rawa, kuma har yau ba ya fita sai da tef ɗin awo a aljihu. Ita kuwa zanen gidaje take yi a kwamfuta, irin wanda mai gida zai ga falonsa da labule da hasken rana tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Tsohuwar kwamfutarta ta gaji, hoto ɗaya sai ya ci mata wuni, ga kamfani ya ba ta zanen rukunin gidaje da za ta miƙa ƙarshen wata.

Abin da ya hana ta sakat shi ne teburin. Wata uku Tsoho ya yi yana haɗa mata shi, aikin da a da yake gamawa cikin kwana huɗu, kuma ya faɗa wa kowa a gidan cewa shi ne aikinsa na ƙarshe. A gefen dama ya yi wa kwamfutar ɗan ɗakinta mai ƙofa da mariƙin tagulla, ya auna shi daidai da tsohuwar. Shekaranjiya ta gwada awon, ta ga akwatin da sabbin kayan kwamfutar ke buƙata ya fi ɗakin tsawo da inci huɗu. A ƙasa babu wuri, domin teburin ya cika bango zuwa bango, saman kuwa allo biyu ne za su zauna. Ta juya abin ta juya, a ƙarshe ta yanke shawarar sayen ƙaramin akwati da ƙaramin katin hoto, wato abin da ke sarrafa zane a kwamfuta, ko da aikin zai yi tafiyar hawainiya. Ta fi son ta sha wahala da ta ga fuskarsa in ya gane.

"Zauna abinka, rana za ta yi zafi," ta ce.

"Rana ta san ni tun uwarki ba ta iya ɗaura zane ba. Muje."

Shagon yana hawa na biyu, kuma kowane mataki sai da Tsoho ya zagi wanda ya gina shi. Mai shagon, wani dattijo mai gilashi a kan goshi, ya jawo masa kujera, ya fara jera kwalaye a kan kanta. Ya buɗe na farko, ya fito da wani ɗan abu mai kusurwa huɗu wanda bai kai tafin hannun jariri ba.

"Wannan shi ne furosesa, Baba. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar."

"Ƙwaƙwalwa ake sayarwa a nan?" Tsoho ya gyara zama. "Ba ni biyu. Ɗaya a sa wa injin, ɗaya a sa wa mai injin."

"Ka karɓi uku," in ji jikar. "Jiya wa ya yi rabin awa yana neman gilashinsa, yana bisa hancinsa?"

"Gwada ku nake yi, in ga ko akwai mai tausayi a gidan. Babu."

Mai shago ya ce furosesan yana da ma'aikata goma sha shida a cikinsa, kowanne na iya kama nasa aikin a lokaci guda. Tsoho ya karɓa ya juya shi, ya kai shi kusa da kunne.

"Goma sha shida a wannan ɗan wuri, kuma ba hayaniya? Ni ma'aikata huɗu na taɓa riƙewa, kullum sai na raba faɗa."

"Su waɗannan ba a yi musu tsawa ne shi ya sa."

"Ba kuma sa satar ƙusa, na gani."

Aka fito da faffaɗan allon da komai ke hawa a kansa, wanda mai shago ya kira madabod, sai wasu sirara guda biyu masu kama da mataji. Jikar ta ɗauki ɗaya ta nuna masa.

"Wannan ram ne. Kamar bencin aikinka yake. In benci na da faɗi, sai ka baje zarto da guduma da katako gaba ɗaya. In ƙarami ne, sai ka ɗauke wannan kafin ka ajiye wancan."

"To ai da haka kika fara magana tun ɗazu, da mun fahimci juna. Sa mata mai faɗi, malam. Yarinyar nan ko gado ta samu sai ta cika shi da tarkace ta kwana a ƙasa."

"Gado na yi. Wa ke da gwangwani goma na lanƙwasassun ƙusoshi a ƙarƙashin gado?"

"Dukiyar da zan bar miki ke nan, ki riƙa magana da ladabi."

Da aka zo kan abin sanyaya furosesa, mai shago ya ɗauko wani mai fanka uku da bututu biyu, ya ce ruwa ne ke zagayawa a ciki yana kwashe zafi. Tsoho ya ja kujerarsa baya.

"Ruwa a cikin kayan wuta? Malam, in ka gaji da ita ne ka gaya mini, ni ma na gaji, amma ba ta wannan hanyar ba."

"A rufe yake, Baba, ba ya zuba."

"Haka mai gyaran famfo ya ce mini, washegari muka tashi tabarma na iyo."

"Ka kwantar da hankalinka," jikar ta ce. "Mai fanka zalla zan ɗauka. Ba na son ka mutu da fargaba kafin ka biya ni alawar da ka yi mini alkawari tun ina aji ɗaya."

"Wai duk wannan don zanen gida ne, ko don motocin nan naki na ƙarya?" Ya juya wajen mai shago. "Mace da girmanta, ta gama aiki sai ta zauna tana tseren mota a allo. Motar da ko asibiti ba za ta kai ni ba."

"Gaya masa wanda na kama ranar Asabar a kujerata."

"Ƙura nake sharewa."

"Da sitiyari a hannu? Sau tara ya daki bango ɗaya, malam. Har ce wa motar yake yi ta tsaya ya sauka."

"Titin ne ba a yi shi daidai ba. Duk wanda ya zana kwanar nan ɗan ajinku ne."

Mai shago yana dariya ya shiga ciki, ya dawo rungume da wani dogon kwali. Ya fito da katin hoto mai fanka uku, tsawonsa ya kusa kamu guda, nauyinsa kamar bulo. Ya ce wannan ne ke zana duk abin da ido ke gani a allo, ko gida ne ko mota, kuma tun makon jiya ya ɓoye mata shi kamar yadda ta roƙa.

"Na canza shawara," ta ce da sauri. "Ba ni ƙaramin, mai fanka biyu. Da wancan ƙaramin akwatin na kan shiryayye."

"Ƙaramin? Ba ke kika ce mini aikin kamfanin..."

Ta watsa masa wani kallo, ya haɗiye sauran maganar. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin yana gane karkataccen katako daga ƙofar shago ba a yi masa ƙifta ido a gabansa. Da aka sauko da ƙaramin akwatin, sai Tsoho ya miƙe, ya zaro tef ɗinsa. Bakin tef ɗin yana ta karkarwa a jikin ƙarfen, sai da ya danne shi da babban yatsa. Ya auna faɗi, ya auna tsawo, ya sake aunawa.

"Takwas da sha shida," ya ce. "Na san wannan awon. Ni na rubuta shi a bayan katako."

"Dacewa ce kawai."

"Tun kina rarrafe ba ki iya ƙarya ba, kunnenki ke motsi. Malam, tsakaninka da Allah, mene ne bambancin wannan da wancan?"

Mai shago ya dubi jikar, ya dubi tsohon, ya ga ba mafita. Ya ce hoton da babban zai gama a awa ɗaya, ƙaramin sai ya kusa uku. Ya ƙara da cewa kowanne aka ɗauka, in aka kulle shi a wurin da iska ba ta shiga, zafi zai sa ya riƙa rage gudu da kansa.

"Har ƙofar ma laifi ce ke nan," in ji Tsoho a hankali.

Ya koma ya zauna, yana naɗe tef ɗin. Jikar ta ji kamar ta nutse a wurin. Abin da ta yi kwana biyu tana gudu ke nan, ga shi ya faru a gaban baƙo, kuma tausayinsa ya cika mata ƙirji har ta kasa haɗa ido da shi.

"Ba na son a taɓa teburin," ta ce. "Wata uku ka yi. Na ga yadda kake riƙe hannun dama da na hagu in za ka buga ƙusa. Awa uku ba komai ba ce, zan jira."

"Ji mini shashasha. Hoto nawa kamfanin ke so?"

"Arba'in."

"Arba'in, kowanne awa uku, ban da wanda za su ce a sake. Sai su kore ki, ki dawo ki zauna mini a gida muna kallon tebur, ni da ke. Wa zai auri mai zaman banza? Ni dai na fasa."

"Dama wa ya ce ina son ka? Haƙori huɗu gare ka."

"Biyar. Kin manta na can ciki." Ya nuna ta da sanda. "Laifin nawa ne. Na auna tsohuwar kamar ba za ki taɓa wuce ta ba, irin wanda ya ɗinka wa jariri riga ya manta zai girma. Kuma wa ya ce miki ba a taɓa aikina? Ƙofar da na kafa, damina na zuwa sai ta kumbura a kira ni in fere ta. Gadon da na yi wa uwarki sau biyu ina ƙara masa tsawo."

"Amma ka ce shi ne na ƙarshe."

"Na faɗa, don ba wanda ya sake kawo mini wani." Sai ga fuskarsa ta saki. "Yanzu kuwa ga aiki ya samu. A cire ƙofa, a sauke katakon ƙasa, a buɗe baya iska ta wuce. Malam, auna mini babban akwatin nan, har da inda yake shaƙar iska da inda yake fitarwa. Kada ka rage mini ko rabin inci."

Mai shago ya sauko da babban, mai gefen gilashi da fitilu a ciki. Tsoho ya leƙa ya taɓe baki, ya ce ya yi kama da shagon aski, amma tunda mai shi ma ba ta da kunya sun dace. Ya karɓi takardar awon ya ninke ta biyu, ya daɗe yana kallon hannunsa a kan gwiwa.

"Sai dai ke za ki riƙe zarto," ya ce. "Nawa hannun ya daina bin layi."

Bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, ko ga likita. Jikar ta juya tana gyara mayafi, ta ɗan daɗe tana gyarawa.

"In na yanka a karkace fa?"

"Sai in gaya wa duk wanda ya shigo ke kika yi teburin tun daga farko."

"Kai kuma me za ka yi?"

"Zagi. Shi ne rabin koyarwa, kuma a nan hannuna ba ya rawa."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye da ita. "Ka ci, Tsoho, na sallama. Malam, mayar da ƙaramin, haɗa mini da babban."

Tsoho ya tura hannu ƙarƙashin hularsa, ya zaro wani guntun fensir na kafinta, faffaɗa, duk ya sha fiƙa da wuƙa har ya kusa ƙarewa. Ya kamo hannunta ya danƙa mata, ya rufe yatsunta a kai.

"Gobe da hantsi, kada ki makara," ya ce. "Ni ba na ɗaukar almajirin aiki mai barcin safe, ko da matata ce."