Kukan Furfurata Ga Kwamitin Jawo Matasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sabunta Fuska da Jawo Matasa na Jam'iyyar Riƙon Gado, mai alamar buta. Masani ɗan masana, mai mai da tsoho yaro ba tare da ya sha sassaƙe ba, Allah shi ƙara wa tabaranka haske.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta mabiyi ga jagoransa, da tambayar iyali da gajiyar kamfe, ina roƙon ka ara mini kunnenka, in wayar nan ta hannunka za ta sake shi na ɗan lokaci.

Ni ne Dodo mai hatsi, na Ƙofar Kware. In sunan bai tuna ma komi ba, duba wayar taka. Ni ne tsohon nan na tsakiya, mai baƙin gemu da hula hana-salla, wanda ya ɗaga yatsu biyu ya yi tangal-tangal a bakin dandamali. Awo, ni ne dai! An ce mini waɗanda sunka kalle ni sun fi mutanen Sakkwato yawa. Madalla. Mahaifina ya rayu ya koma ga Allah ba a san shi ko a Boɗinga ba, ga ni yau har a Saudiyya ana dariyata.

Tun ranar da anka kafa wagga jam'iyya nake dangwala wa buta. Kujerata tana sahun gaba a kowane taro, kuma farin gemuna ne ya saya mini ita, gemun da aska ba ta taɓa ba tun ina ango. A kansa nake son in kawo 'yan ƙorafe-ƙorafe, cikin ladabi da sunkuyar da kai.

Na ɗaya. Ranar da ka tara mu a sakatariya, ka haska hotonmu a bango, mu dattawan sahun gaba, ka ce wai binciken masana ya nuna duk matashin da ya ga wanga hoto sai ya zaci zaman makoki ne. Ka ƙara da cewa mun yi kama da gonar auduga. Munka yi dariya, mun ɗauka raha ce irin ta jika da kaka. Ashe da gaske kake. Nan take ka ba da umurni: duk mai son zama sahun gaba ya rina gemu, ya sa riga mai gajeren hannu da hana-salla da baƙin tabarau. Da a wata jam'iyya ka faɗi haka, da da kujeru anka raka ka mota. Amma ka san inda ka faɗi. Mu ne munka ƙare rayuwarmu muna koya wa yara cewa bin na gaba bin Allah ne, to ga na gaba ya ce a koma yara. Mi za mu ce? Munka ce mun ji mun bi. Ina tambaya cikin girmamawa, a wace makaranta anka koya maka cewa hanyar riƙon gado ita ce a fara da zubar da shi?

Na biyu. Rinin da kunka raba muna a ƙananan ledoji, an ce wanka biyu ya fita. Rubutun da ke jikinsa ko maƙwabcina Habila, da ya tsufa yana koyarwa a sakandare, juya shi ya yi sama da ƙasa ya miƙo mini abina ya ce Allah shi kiyaye. Na shafa. Gemu ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da na yi sallama a gidana, maiɗakina Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce maigidan ba ya nan, in dawo bayan la'asar. Da na ce ke Hajara ni ne, sai ta zauna daɓas a tsakar gida tana dariya har da hawaye, tana kiran matan maƙwabta su zo su ga abin da siyasa ta haifa mata. Tun daga ranar ba ta sake kirana Malam ba. Ɗan samari take ce mini. Shekaranjiya ta miƙo mini kwano ta ce in sawo mata daddawa, kuma kada in tsaya ƙwallo a hanya. Wagga ita ce martabar da kwamiti ya yi muna alkawari?

Na uku. Ranar gangami. Ba zan ɓoye ba, matasa sun zo, sun cika fili maƙil, kowa ya ɗaga waya. Kunka jera mu, kunka saki kiɗan da ko kalma ɗaya ban tsinta a cikinsa ba, kunka ce mu karkata kafaɗa, mu ɗaga yatsu biyu, mu ce muna tare. Sarkin awon kasuwarmu ya karkata, ƙugunsa ya riƙe, a karkacen anka kai shi gida, har yau ta gefe yake amsa gaisuwa. Limaminmu kaɗai ya tsira, Allah ya taimake shi da zazzaɓi a ranar. Washegari na ji ka a rediyo kana murna, kana lissafa waɗanda sunka kalli hoton a matsayin ƙuri'u. Ranka shi daɗe, ni ɗan kasuwa ne. In mahaukaci ya shigo layin 'yan hatsi ana taruwa a kansa fiye da yadda ake taruwa a rumfata, amma ban taɓa ganin an auni ko tiya ɗaya a wurinsa ba. Yaushe anka fara jefa dariya a akwatin zaɓe?

Na huɗu, gajere ne. A masallacin da nake salla tun kafin a haife ka, wani baƙon yaro ya dafa ni ya ce in ɗan ja baya in bar wa manya sahun farko. Ɗan kabu-kabu kuma ya tsaya gabana ya ce, babban yaya ina zuwa? Babban yaya! Ni Dodo, mai jikoki cike da zaure.

Na biyar, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Sauran duk zan iya haɗiye su da ruwa.

Ina da ɗa, Hamza. Ɗan ƙanena ne marigayi, wanda ya riƙe hannuna a asibiti ya ce ga Hamza nan. Ni na raine shi, yanzu yana gyaran waya a kasuwa, yaro mai kunya wanda bai taɓa roƙona komi ba sai abu ɗaya: in shige masa gaba wajen neman auren Khaula, ɗiyar Malam Auwalu na Hubbare. Yaran suna son juna, iyaye mata sun daidaita, saura manya su je su nema. An sa rana tun kafin a haifi kwamitinka. Ranar ta faɗo kwana kaɗan bayan gangami.

Ka san a garin nan ba a zuwa neman aure sai da dattawa. Na tara nawa, aminaina na ƙuruciya. To su wane ne aminaina? 'Yan sahun gaba! Munka sa manyan riguna, munka naɗa rawuna, munka shiga zauren Malam Auwalu a jere, kowa da gemu baƙi wuluk yana ƙyalli. Malam Auwalu idonsa ya yi rauni. Ya dube mu, ya sa anka kawo ruwa, ya yi muna addu'a, sannan ya ce ya gode da ziyarar abokan ango, amma mu koma mu turo iyaye.

Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da na amsa da to mun tashi. Sai na buɗe baki na ce Malam, ni ne Dodo. Ya gane muryar. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya ƙura wa haɓata ido, ya yi salati ya sake yi. Ya ce da lalle na shafa da ya fahimta, amma mutumin da Allah ya yi wa rigar girma ya shafe ta da baƙi don yara su tafa masa, mi kuma zai ɓoye in an ba shi amanar ɗiyar mutane? Ya ce shi ma buta yake dangwala wa tun farko, kuma saboda fuskokinmu yake yi, to yanzu bai ga fuskokin ba. Ya ba ni zuwa jajibirin azumi in dawo da fuskar da ya sani. In ba haka ba, akwai wasu masu nema, kuma nasu dattawan farare ne tas.

Ka san ko su wane ne waɗannan dattawan? Waɗanda Jam'iyyar Sabon Jini, abokiyar hamayyarmu, jam'iyyar yara masu tsukakken wando, ta bi gida-gida ta lallaso ta jera a nata sahun gaba don mutane su ga tana da manya. Su suna neman furfura ido rufe, mu muna rina tamu. Kai jama'a! Wa ya yi muna wanga aiki?

Na shida. Na koma gida na shiga wanki. Sabulun salo, toka, lemun tsami, kanwa, garin wankin tufafi, har da wani ruwa da masu wankin hula sunka rantse mini yana cire ko tawadar Alƙali. Hajara ta daina dariya ta kama taya ni, tana dirza ina salati. Rinin bai fita ba, ranka shi daɗe, sauya ra'ayi ya yi. Ƙasan gemun ya koma kore, tsakiya ta yi ja, gindin ya fara tsiro da fari. Kore, ja da fari. Ka tuna tutar wace jam'iyya ce wannan? Ta Sabon Jini! Na fita kasuwa yaransu sunka kewaye ni suna kabbara, wai Baba Dodo ya sauya sheƙa, har ya rubuta a fuska. Sunka ɗaga ni sama da ni da buhun da nake zaune a kai. Shugaban mazaɓarmu kuma ya aiko a tambaye ni dalilin cin amanar jam'iyya. Shin kwamiti yana da wani sashe da ke karɓar irin wanga ƙara, ko in kai wa masu rini na Marina?

Na bakwai. Da azumi ya matso, Hamza ya same ni a zaure ina ta fama da madubi. Ya durƙusa ya ce in bari, ya haƙura da Khaula, ba zai so a ƙara yi mini dariya saboda shi ba. Na ce kai da abokanka ai don ku anka yi wanga abu, bai burge ku ba? Ya ce shi da abokansa sun sha dangwala wa buta, kuma ba don kiɗa ba. Ya ce matashi kam suna ganinsa kullum da safe a madubi, sun san halinsa sarai. Abin da ke kai su ga buta shi ne in sun dubi sahun gaba suna ganin mutanen da za su ji kunyar yin ƙarya. Ya ce ranar gangami ya ga hoton a wayar wani, ya kashe tasa wayar, bai kunna ba sai da gari ya waye. Wannan magana ta fi ta Malam Auwalu yi mini ciwo. Ban sani ba ko tana cikin binciken masana.

Washegari na aika anka kira wanzami. Ya duba ya ce babu magani sai aska. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na rufe ido na ce bismilla. Ba na jin kunyar gaya maka na yi kuka, kuma Hajara da ke leƙe ta bayan labule ba ta yi dariya ba.

Na zauna a gida ina jiran abin da Allah zai tsirar. Ran jajibiri na naɗa rawani, na ja amawali na rufe haɓa, na tafi Hubbare ni kaɗai. Malam Auwalu ya ce in sauke amawali. Na sauke. Ɗan tsiro ne, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma fari fat. Ya kai hannu ya shafa. Sannan ya ce wanda ya iya aske gemun rayuwarsa saboda maraya, ya iya riƙon ɗiyar mutane. Ya ba Hamza Khaula. Bayan salla za a ɗaura, kuma kana cikin waɗanda anka gayyata, sai dai muna roƙon a bar ledojin a ofis.

Saura magana ɗaya, ta amana. Ni ba na riƙe kayan da ba nawa ba. Gemun nan tun da kunka rina shi ya zama na kwamiti, don haka na sa wanzami ya tattara shi tsaf, na naɗe a tsumma mai tsabta, na aika sakatariya da sunanka. Shi ya hau dandamali, shi ya jawo matasa, shi duniya ta kalla. Ina roƙon a yi masa rajista a yanka masa kati, ranar zaɓe ya bi layi ya dangwala muku. Ni da Hamza da Malam Auwalu muna nan zaure muna jiran nawa ya tsiro, in ya kai tsawon da za a iya yin shawara da shi, za mu tambaye shi inda za mu sa yatsa.

Allah shi ja zamaninka, shi tsawaita kwananka, shi nuna maka ranar da taka furfurar za ta fito, shi kuma haɗa ka da kwamiti mai hazaƙa irin naka.

Naka mai biyayya har inda aska ta tsaya,

Dodo mai hatsi,
Tsohon matashi,
Ƙofar Kware, Sakkwato.