Ranar Da Na Rabar Da Jujin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta ƙarshen bazara ba, ko na so mantawa ma matata ba za ta bari ba. Ranar ce na yi wa surukina ɓarnar da ko awakin maƙwabta ba su taɓa yi masa ba, kuma na yi ta ne ina murmushi, ina jiran a zo a gode mini.

Ni malamin firamare ne, haifaffen cikin birnin Kano, ina zaune a Bacirawa da matata Rabi. Ban taɓa riƙe fartanya ba sai a makarantar kwana, ranar da aka ba ni horo. A shekarar da nake ba ku labari ne zazzaɓin kare muhalli ya kama ni. Daga kallon bidiyo a waya abin ya fara. Na daina karɓar leda a wurin mai kayan miya, na sa aka ɗinka mini jakar atamfa ina yawo da ita. Na daina shan ruwan leda, na sayi gora. Na ajiye bokiti biyu a tsakar gida, ɗaya na ɓawo da ragowar abinci, ɗaya na robobi. Duk wannan ba laifi ba ne, har yau ina yi. Laifin a bakina yake. Na zama mai wa'azin da ba a gayyata ba, ta kai mai shayin layinmu in ya hango ni sai ya kai ledar burodi bayansa kamar sato ta ya yi.

To ana haka sai aka sa ɗaurin auren ƙanin Rabi ranar Asabar, a ƙauyensu da ke gefen Makoda. Muka tafi tun Alhamis da safe don mu taya aiki. Muna isa Rabi ta shige cikin mata, kafin azahar an ƙunshe mata hannu da ƙafa da lalle, ba ta ko iya tashi. Mahaifinta, wanda duk muke kira Baba, mutanen ƙauye kuma suke kira Alhaji, ya riga ya tafi kasuwa da ango sayen goro da kayan abinci. Baba manomi ne, dattijo mai ƙarancin magana. Shekara biyu da aurenmu, tsakanina da shi daga durƙuso da gaisuwa sai "Allah ya yi albarka, Malam." Na daɗe ina neman abin da zan yi ya dube ni sau biyu.

Ina fitowa daga zaure sai idona ya faɗa kan abin. Daga gefen ƙofar gida, jikin katanga, ga wani tsibin juji ya kusa kai ƙirjina. Toka ce, da kashin awaki da na tumaki, da ƙaiƙayi, da guntayen kara, da sharar tsakar gida, ga 'yan ledoji sun leƙo nan da can. Kaji suna ta tono a kai. Na tsaya na riƙe ƙugu ina girgiza kai. Na ce a raina, jibi baƙi za su zo daga Kano, a nan za a shimfiɗa tabarmi, wannan ƙazanta ce za ta tare su? Har tausayin Baba na ji, wallahi. Na ɗauka tsufa ne ya hana shi kwashewa, kuma 'ya'yansa ba su da kula.

(Na san akwai mai karatu ɗan ƙauye da tuni ya dafe kai. Yi haƙuri, ɗan'uwa, ai ba a yi komai ba tukuna.)

Na nufi inuwar dalbejiyar da magidanta suke zama. Na yi sallama, muka gaisa, sannan na gyara murya irin ta aji. Na ce jujin ƙofar gidan Baba nake so a kwashe yau ɗin nan, duk mai iya taimakawa ya taimaka.

Wani dattijo, Malam Sale, wanda gonarsa take iyaka da ta Baba, ya ce, "Wace gonar za a kai masa, ta gabas ko ta bakin rafi?"

Na ce, "A'a, ba gona za a kai ba. Kowa ya ɗiba ya kai inda ya ga dama, mu dai a raba mu da shi."

Malam Sale ya cire asuwaki daga bakinsa ya dube ni.

"Kyauta?"

"Kyauta mana, Malam. Shara kuma har sai an saya?"

"Alhaji ya sani kuwa?"

A nan ne na yi abin da ya fi komai ci mini rai har yau. Da na ce bai sani ba, da magana ta ƙare, an yi mini dariya an wuce wurin. Amma ina, suruki ɗan boko daga birni, a ce ba ya iya sa a kwashe shara a gidan surukansa sai ya nemi izini? Na buɗe baki na ce, "Ai da yawunsa nake magana."

Malam Sale ya sake tambaya, na sake maimaitawa. Ya ce, "Ikon Allah. Lallai Alhaji ya ji daɗin auren nan." Ya miƙe yana karkaɗe riga, kuma ban taɓa ganin dattijo ya yi sauri irin haka ba.

Jama'a, kafin in je in ɗauko tsintsiya in dawo, ƙofar gidan ta cika. Mai jaki da mangala, mai baro, mai amalanken shanu, mai buhu, har da wata tsohuwa da kwando a ka. Shebur na shiga, ƙura na tashi, ana ta "Allah ya saka wa Alhaji," "Allah ya sa albarka a auren." Ni kuwa ƙirjina ya cika fam. Na ce ka ga mutanen kirki, kalma ɗaya kawai suke jira su tashi su gyara muhallinsu, ba irin 'yan layinmu ba da sai ka yi wata kana magiya. Na zaro waya ina ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Na riƙa bin su ina tsince ledoji ina zubawa a jakata, ina cewa, "Sannunku da aiki, haka ake so." Wani ma na taya shi ɗora buhu a babur.

Kafin la'asar babu ko tsinke. Na share wurin tas, na yayyafa ruwa. Na leƙa zaure na aika a gaya wa Rabi in ta samu dama ta fito ta ga aikin mijinta. Allah ya taimake ta lallen bai kama ba tukuna, ba ta fito ba.

Bayan sallar la'asar aka dawo inuwa, kowa fuska a sake, ana ba ni hannu. Ganin kasuwata ta buɗe sai na ce bari in ƙara musu da ilimi. Na tsaya a gabansu, mutanen da ƙaraminsu ya yi damina talatin a gona, na fara koya musu yadda ake haɗa takin gargajiya. Na ce su rage dogara da takin zamani, yana gajiyar da ƙasa. Na ce abin ba wuya, mutum ya samu wuri ɗaya a gefen gida, ya riƙa tara toka, da kashin dabbobi, da ragowar kara da ƙaiƙayi, ya bar su wata da watanni su ruɓe, in damina ta matso sai ya kwashe ya kai...

A nan muryata ta tsaya da kanta. Na ji abin da bakina yake faɗa. Na waiwaya a hankali na kalli wurin da na share, fes, har da sawun tsintsiyata.

Malam Sale ya ce cikin ladabi, "Ci gaba, Malam, muna ji. Sai ya kai ina?"

Daidai lokacin motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya. Baba ya sauko, ango na biye da shi da huhun goro. Ya taho a hankali kamar yadda ya saba, har ya zo ƙofar gidansa ya tsaya. Ya kalli jikin katangar. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula ya mayar.

Mutane suka taso masa da godiya. Wannan ya ce nasa har ya baza a gona, wancan ya ce bana da bai san yadda zai yi ba. Malam Sale ya riƙe hannunsa ya ce, "Alhaji, da surukinka ya ce ka ba da taki sadaka, sai da na tambaye shi sau biyu. Ya ce da yawunka yake magana."

Baba ya juyo ya dube ni. Burina ya cika, ya dube ni sau biyu, har ma sau uku. Ni kuwa ina durƙushe, ban san lokacin da na kai ƙasa ba, jakar ledoji a kafaɗa, gumi yana bin bayana. Na jira ya ce ƙarya nake. Wallahi da ya faɗa da na fi samun sauƙi, don gaskiya ce, kuma da wasu sun dawo masa da abin da ba su riga sun baza ba.

Sai ya ce, "E, da yawuna ne. Allah ya amfana."

Aka shafa fatiha, aka watse ana yaba masa. Ya wuce zaure, na bi shi kamar wanda aka ja da igiya. Na sake durƙusawa na ce, "Baba, na yi kuskure, kuma na yi ƙarya. Bari in je in gaya musu gaskiya."

Ya ce, "Ka gaya musu me? Cewa mijin 'yata maƙaryaci ne, ana jibi ɗaurin aure a gidana?" Ya zauna a kan buzunsa ya cire takalmi. "Tun kaka muke tara shi, Malam. Kullum da safe uwar Rabi take share turke ta kai can. Ina jira a gama biki ne in kwashe." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma wurin ya yi kyau. Ka iya shara."

Ban san yadda na fita daga zauren ba. Labari kuwa ya riga ni shiga cikin gida. Surukata ba ta ce mini komai ba, don kunya ba ta bari ta yi doguwar magana da ni, sai dai na ji ta ta bayan danga tana tambayar Rabi, "Wai a makarantar tasu ba a koya musu tambaya?" Rabi ta same ni a bayan gida, hannu jajir da lalle, idonta ya fi lallen ja. Ta ce, "Kai da ka hana ni zubar da ɓawon albasa, ka zo ka rabar da takin shekara guda? Me ya hana ka leƙo ka tambaye ni?" Na ce ina so in ba su mamaki ne. Ta ce, "Ai kuwa ka ba su."

Ranar ɗaurin aure na zauna can ƙarshen tabarma, na ja hula har gira. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya nuna ni ga baƙo, "Wannan ne surukin Alhaji da ya raba mana taki." Baƙon ya ba ni hannu ya ce Allah ya ƙara arziki, ni kuma in ce amin. Hotunan da na ɗauka tun a daren Alhamis na goge su.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na bi gidajen masu kiwo a Bacirawa ina roƙon kashin awaki, duk Asabar in ɗaure buhu biyu a babur in kai ƙauye, ina wari tun daga gida har Makoda. Sau uku kawai na samu yi ruwa ya sauka aka yi shuka. Buhu shida a gonar Baba kuwa, ko kusurwa ɗaya ba su rufe ba.

Da damina ta yi tsakiya na je gaishe shi, na tarar yana gona, na bi shi can. Ba sai an nuna mini iyaka ba. Dawar Malam Sale ta yi kore shar, ta fi ni tsawo. Ta Baba ga ta nan siririya, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, iyakarta kafaɗata. Baba yana tsakiya yana cire ciyawa da hannu. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi Rabi da makaranta, bai ce komai game da dawar ba.

Da kaka ta yi, sai ga buhun dawa an sauke mana a ƙofar gida, saƙon Baba ga 'yarsa kamar yadda yake yi duk shekara. Cike yake har baki, bai rage ko tiya ba. Rabi ta kira gida ta yi godiya, da ta ajiye waya ta ce mini rumbunsu bana ko rabi bai kai ba. Wata uku muna cin tuwon dawar nan, kuma duk lomar da na kai baki sai na tuna jujin Baba.

Har yanzu ba na karɓar leda, amma na rage wa'azi ƙwarai. Abin da na koya shi ne, kafin in kira abin wani shara sai na tambayi mai shi, kafin in koya wa mutum abu kuma sai na duba ko ba shi yake yi ba tun ban zo duniya ba. In na je ƙauye yanzu, ko kashin kaza na gani a tsakiyar tabarma, sallama nake yi in tambaya na wane ne.