Kujerar Kyaftin Dauda

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni tarbar Kyaftin Dauda ba.

Lokacin ina sabon malami a wata makarantar 'yan mata a Sakkwato. Soja ke mulki, kuɗin mai sun fara zubowa, an yi mana ƙarin albashi. Na sayi babur sabo fil da wando mai faɗin ƙafa, wanda in na taka sai ya share rabin layinmu na Gawon Nama. (A ganina babu wanda ya kai ni sanin duniya, alhali iyakar tafiyata Gusau.)

Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a gida. Daga ni sai Inna sai ƙanwata Asabe, wadda ke ajin ƙarshe a makarantar da nake koyarwa. Asabe ta kafe a kan abu ɗaya: za ta karanci aikin jinya, in ta gama ta shiga soja. Takardar neman makarantar jinyar ta yi sati uku a ƙarƙashin matashina, na ƙi sa hannu.

"Yaya, mi na yi maka?" ta tambaye ni wata safiya, idonta ya ciko.

"Ba ki yi min komi ba. Soja aikin maza na. Randa kika yi aure kika samu ciki, korarki za su yi."

Na faɗi haka kamar ni na rubuta dokar, alhali ko ƙofar bariki ban taɓa leƙawa ba. Abin da ke raina tsoro ne, amma girman kai bai bar ni na faɗa ba. Yarinyar da na riƙa ɗauka a kafaɗa zuwa makarantar allo, ita ce za a je ana daka wa tsawa?

Ana cikin haka shugabar makarantarmu ta kira ni ofis. Ta ce Kyaftin Dauda daga bariki na zuwa ranar Alhamis don yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani kan aikin da za su iya yi bayan karatu. Ita shugabar za ta je ɗauko baƙo daga ma'aikatar ilimi, ni in tarbi Kyaftin, in buɗe taro kafin ta iso. Ban tambaye ta komai ba. Me zan tambaya? Ai na sani.

Da hantsi motar soja ta tsaya a bakin zauren taro. Wani dogon mutum mai gashin baki ya fito cikin rigar safari, bayansa wata mace mai tsohon ciki, da zane da kallabi na atamfa, tana dafe da ƙugu. Nan take na buga ƙafa a ƙasa na sara wa mutumin. (Kwana biyu ina gwada sarawar nan a gaban madubi.)

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa!"

"Malam, ai ba ni..."

"Haba ranka ya daɗe, ai girmanka ne! Bismilla."

Ya sake buɗe baki, na ga matar ta taɓa hannunsa tana murmushi, sai ya yi shiru. Na ja shi har kan dandamali, na zaunar da shi a kujera mai laushi wadda muka aro daga ofishin shugaba. Ita kuwa na kai ta can baya, bencin da ke kusa da ƙofa, na ce nan ya fi iska. Har ruwan randa na kawo mata a moɗa, ina jin kaina mutumin kirki.

Da ma a nan na tsaya. Amma ɗalibai ba su gama shigowa ba, bakina kuma ba ya zama haka nan.

"Madam, sannu da haƙuri. Auren soja sai mai haƙuri."

"Haka maigidana yake faɗa kullum," in ji ta.

Ban gane ba. Na zarce na ba ta labarin Asabe kaf, har da yadda na ɓoye takarda.

"Wa ya gaya maka ana korar mai ciki, Malam?"

"Ai wagga magana kowa ya san ta."

Ta dube ni, ba da fushi ba. "Kana son ƙanwar nan taka," ta ce.

Zaure ya cika. Na hau dandamali na kama lasifika, na shiga kirari: jarumi, namijin duniya, bango madafar bayi. Ina cikin haka shugaba ta shigo da baƙonta, ta tsaya turus, tana yi mini alama da hannu. Na ɗauka cewa take in ƙara. Na ƙara.

"Yanzu sai Kyaftin Dauda ya taso!"

Mutumin bai motsa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Can daga baya na ji benci ya yi ƙara. Matar nan ta miƙe a hankali, ta ajiye moɗa, ta tako ta tsakiyar ɗalibai. Tafiyar mai ciki ce, amma kafaɗun na soja ne. Ta iso gabana ta miƙo hannu.

"Na gode, Malam. Kawo lasifikar."

Dariya ta fashe, zauren kamar zai tsage. Na nemi ƙasa ta buɗe in shige, ta ƙi. Wurin zama ma babu, don kujera ɗaya ce, na kuma ba mijinta. Sai na tsaya a gefe kamar sandar tuta. Na hango Asabe a layi na uku ta rufe fuska da mayafi. Ita kaɗai ce ba ta dariya.

Kyaftin Rifkatu Dauda, shi ne cikakken sunanta, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin bariki, 'yar ƙasar Filato. Ta ce wa yaran kada su yi mamakin ganinta babu kaki, tana hutun haihuwa ne, kakin ma ya daina shigarta. Ta ce in ta haihu ta huta, aikinta da muƙaminta na jiranta. Gidan da suke ciki a bariki da sunanta aka ba su. Ba ta ɓoye musu wahala ba. Ta ce akwai atisaye, akwai canjin gari, akwai mazan da har yanzu sara mata ke yi musu nauyi, kuma hutun nan ma sai da na gabanta suka yi ta magana kafin ya zauna da gindinsa.

Sannan ta ce, "In wani a gidanku ya hana ku, kada ku yi saurin fushi da shi. Wani lokaci tsoro ne, tsoron kuma na ƙauna ne. Ku kawo shi ya gani da idonsa."

Ba ta dubi inda nake ba. Wannan ya fi dariyar yi mini nauyi.

Bayan an tashi na je ba su haƙuri. Mijin, Malam Dauda, ashe malamin firamare ne a Unguwar Rogo, ya rako ta ne saboda watanta ya kama. Ya dafa kafaɗata.

"Kada ka damu, ɗan'uwa. Shekara shida ina auren soja, yau ne kaɗai aka taɓa sara mini. Allah ya saka da alheri."

Ranar Asabar muka je bariki, ni da Inna da Asabe. Kyaftin ta zaga da mu asibiti, ta nuna mana ɗakunan kwanan mata. Inna ta leƙa ko'ina, har madafa da makewayi, ta tambayi inda ake salla, aka nuna mata. Muka dawo gida. Da yake ni ɗan fari ne Inna ba ta kama sunana, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma wanga mai babur shi sa ma yarinya hannu."

Na sa. Asabe ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ce, "Yaya, sarawarka dai ta yi kyau." Sai a lokacin ta yi dariyar da ta riƙe tun ranar Alhamis, har da hawaye, ni ma na taya ta.

Ta yi aikinta na soja, ta haifi 'ya'ya huɗu tana ciki, babu wanda ya kore ta. Ni kuwa tun daga ranar na koyi abu guda: in aka ce in tarbi baƙo, ko limami aka ce, sai na tambaya, "Shi ne ko ita ce?" An sha yi mini kallon mahaukaci a kan haka, amma ban sake tsayawa a gaban 'yan mata cike da zaure babu kujera ba.