Hadarin da Na Hango a Falo

A watan Maris, lokacin da zafin garin Garwa ke gasa mutum da ransa, na sayo akwatin gilashi na kifin ado, haɗe da na'urar da ke tsabtace ruwansa da iskar ozon. Mai shago ya miƙo min takardar bayani, na ce ya riƙe abarsa.

Bayan kwana uku na shigo falo, sai na shaƙi ƙamshin hadari, irin wanda ke biyo bayan walƙiya. Na kira matata.

"Maman Hafsatu, kwashe shanya. Yau za a yi ruwa."

Ta leƙa sama, babu ko gajimare. "Alhaji, a watan Maris?"

"Hancin nan gadon kakana ne, manomi. Bai taɓa ƙarya ba."

Na zaga maƙwabta a Jambutu ina gargaɗi, har Malam Buba ya kwashe masarar da ya shanya. Na dawo na rufe tagogi saboda feshi. Muka zauna muna tari, idanu na yaji, na ce sanyin damina ne.

Ƙanin matata, mai gyaran firji, ya shigo gaisuwa. Ya shafa ruwan sabulu a tiyon na'urar, kumfa ta taso. Ya zare wuta, ya buɗe tagogi.

"Yaya, ga hadarinka nan, tiyo ne ya tsage, iskar ozon ke fita, ita ce mai ƙamshin nan, ita ke sa ku tari. Ku fita ku sha iska."

Har yau in Malam Buba zai yi shanya, sai ya leƙo ta katanga: "Alhaji Meteyo, sarkin hasashen yanayi, in baza, ko kifaye sun ce a dakata?"