Yadda Ake Aron Yaro Don Shiga Silima

Kai mai furfura, na san damuwarka. An fito da kashi na uku na katun ɗin 'yar bushiyar nan da ta ɓace wa uwarta. Na ɗaya da na biyu tare da autarka kuka kalla, yanzu kuwa ta zama budurwa. Da ka yi mata zancen, ko ɗagowa daga waya ba ta yi ba ta ce, "Haba Baba, ai na yara ne." Ka ce, "Ni ma haka na gani," alhali maganar ta sosa maka rai. Ga shi kana son sanin ko an ga uwar, kuma ƙato ba ya bin layin yara shi kaɗai. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari za ka kalli fim ɗinka girmanka bai faɗi ba.

1. Zaɓi yaro

Kada ya cika ƙanƙanta, ana tsakiyar fim zai ce fitsari. Kada ya cika wayo, zai kai rahoto gida. Ɗan ƙanwarka ya fi, wanda haƙoransa na gaba suka zube. Ko ya tona maka asiri ba mai gane abin da yake faɗa.

2. Sa a gode maka

Kada ka ce aro ka zo. Zauna a falo ka ja tsaki ka ce, "Yaron nan kullum a kulle, ba ya shan iska ne?" Kafin ka rufe baki uwarsa ta sa masa takalmi. "Allah Ya bar zumunci, Yaya." Ka ce ba komai, fuska a murtuke.

3. Yi mita a layi

Duba agogo. Ce wa mai sayar da tikiti, "Yaran nan sun hana mu sakat." Sauran iyaye maza ma agogo suke dubawa, kuma kowannensu ya fi ɗansa sanin sunan kakar bushiya. Kada ka haɗa ido da kowa, a rufa wa juna asiri.

4. Toshe masa baki

Sayi gugguru, babban kwali. Yaron bai ga na baya ba, dole ya ce, "Kawu, wace ce wannan?" Amsarka ita ce, "Ina na sani?" Wani maƙwabcina ya zaƙe, ya ɗauko labari tun daga tushe har da rera waƙa, sai da wata yarinya ta waigo ta ce, "Baba, don Allah muna kallo."

5. Idan an zo wurin kuka

Za a zo. Masu fim ɗin nan mugaye ne. Yara suke ba wa tuntuɓe da faɗuwa, ku iyaye kuma su ajiye muku wurin da 'yar bushiya za ta ce wa uwarta ta girma, ta daina riƙe mata hannu. Yaro zai yi ta dariyarsa. Kai ka ce sanyin ɗakin ne ya sa maka mura. Hannunka zai kai kan yaron bisa sabo, ka shafa ka ji ba kitso irin na autarka. Sai haƙuri, kayan aro ba ya rufe katara.

6. Fice kafin a kunna fitila

A nan kowa ke faɗuwa. Za ka ce bari ka ji ƙarshen waƙa, haske ya kama ka da jan ido.

Gargaɗi

Idan ka yi taurin kai ka tsaya, ka waiga ka ga autarka a kujerun baya, nata idon ya fi naka ja, tana riƙe da hannun 'yar maƙwabta da ita ma ta aro, to ba hannuna ba ƙafata. Za ta ce, "Baba, ni rakiya na yi." Za ka ce kai ma haka. Ni dai aron ɗan wani na koya maka. Yadda za ka buɗe baki ka ce wa taka ka yi kewar zama kusa da ita, wannan ba ya cikin darasi, ka ji da kanka.